Yanda ake tada tsohuwar Landuroba Series III a sa mata injin 200Tdi

Duk wanda ya tashi a arewa ya san Landuroba, ita ce motar malaman gona da likitocin dabbobi da 'yan sanda da masu allurar rigakafi, ita ke shiga ƙauyukan da ko babbar mota bata iya shiga da damina. Yanzu yawancinsu suna yashe a bayan gidaje da tsofaffin ma'aikatu, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a ciki, wasu kuma 'yan gwangwan sun riga sun yanka sun auna a kilo, abin da ke min ciwo kenan wallahi don mota ce da in an bi ta a hankali zata sake yin wasu shekaru talatin tana aiki. Na tada guda ɗaya, doguwar, kuma abin da zan rubuta anan shi ne tsarin da na ga ya fi, har da wuraren da aikin ya tsaya min. Magana ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko, injin shi ne abu na kusan ƙarshe. Mutane da yawa da injin suke farawa saboda shi ne mai daɗin labari, sai su ɗora ƙarfi akan ruɓaɓɓen shasi da birkin da baya kamawa.

Ka fara sanin wacce mota ce a gabanka. Kamfanin Rover ya fito da Landuroba ta farko a 1948 a masana'antar Solihull ta Ingila, Series II ta zo 1958, IIA 1961, sai Series III daga 1971 zuwa 1985, ita ce mai garil ɗin roba a gaba da mitoci a gaban direba maimakon tsakiya. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109. An haɗa wasu ma anan Najeriya a kamfanin Leyland na Ibadan. Yawanci injin silinda huɗu ne mai lita 2.25, na fetur yana bada ƙarfin doki wajen 70, na gas kuma 62. To amma ka lura, akwai doguwar da ta zo da silinda shida mai lita 2.6, wannan bakin giyarta daban ne kuma giyar ta ja baya, injin da zamuyi magana akai baya ɗauruwa da ita kai tsaye, in ita ce a hannunka aikinka ya ƙaru sosai. Ka ƙirga fulogi kafin ka biya kuɗi.

Takardu kuma kar kayi wasa dasu. Lambar shasi tana kan farantin dake jikin bangon injin, wato bangon dake tsakanin injin da direba, kuma an buga ta a jikin ƙarfen shasin daga gaba ɓangaren dama wajen da sifirin ke ratayuwa, ka goge da burushin waya ka tabbatar ta dace da abin da ke takarda. In motar gado ce a samu yardar magada a rubuce da shaidu, in ta gwamnati ce da akayi gwanjo a baka takardar gwanjon. Ba daɗi ka kashe shekara kana aiki ranar da ka fito da ita tana sheƙi wani yazo yace ta babansu ce.

Duba shasi

Bodin Landuroba na alminiyom ne, wani gami da suke kira Birmabright, baya tsatsa, shi yasa zaka ga mota daga nesa kamar lafiyarta ƙalau. Amma shasin ƙarfe ne, bangon dake tsakanin injin da direba ƙarfe ne, firam ɗin ƙofofi ma ƙarfe ne, kuma can ciwon yake. Mu anan muna da sa'a ɗaya, a Ingila gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi shi ke cinye musu shasi, mu bamu da wannan, motar da ta zauna a Katsina ko Zinder ko Maiduguri sau da yawa zaka samu ƙarfenta da sauran ƙwari sosai. Wadda tayi rayuwarta a Legas ko Fatakwal kuma labari ne daban. Duk da haka shasin kamar akwati yake, rufaffe, laka tana shiga ta zauna a ciki ta riƙe danshi, sai ya ruɓe daga ciki zuwa waje.

Ka ɗauki guduma ƙarama ka kwanta a ƙarƙashi ka bi shi taku-taku kana bugawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma zakaji bum kamar ka bugi kwali, wani wajen ma gudumar zata shige. Wuraren da suka fi mutuwa su ne ƙarfen ƙarshe na baya inda ake ɗaura jan tirela, da hannayen da suka fito gefe suna riƙe bodi da tanki, da ƙahonnin gaba inda bamba take, da wajen ratayar sifirin. A bangon injin kuma ka duba inda ƙafafu ke sauka da ginshiƙan da hinjin ƙofa ke kamawa da saman wajen tagogin iska. In hannu ɗaya ko biyu ne suka tafi, mai walda zai ƙera sabo da falanki mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ya dasa. In kuwa dogayen ƙarafan biyu ne suka zama kamar rariya to gaskiya ka nemi wata motar ka ɗauki shasinta, ko ka sayo sabo da aka yiwa wankan tutiya daga Ingila in aljihu zai ɗauka, har yau ana ƙera su.

Warwarewa

Kafin ka kwance noti ɗaya ka ɗauki hoto da waya, ko'ina, ta kowace kusurwa, musamman wayoyi da fayif ɗin birki da yanda rodin totur ya bi. Ka sayi ledoji da maka, duk abin da ka cire ka ɗaure notinansa tare ka rubuta sunansa. Kar ka yarda yaran gareji su zuba maka komai a bokiti ɗaya, ni haka aka min a wani gareji da na fara kai ta, wata biyu bayan nan muna neman ƙananan ƙarafan da ke riƙe gilashin gaba babu su babu labarinsu, sai da aka ƙera wasu. Kwana uku kafin farawa ka riƙa jiƙa notina da man gas da aka gauraya da ɗan man giya, safe da yamma.

Maganar sifana, motar nan tana da notina na ma'aunin Ingila, wasu na inci wasu na Whitworth musamman a giya da aksul, shi kuma sabon injin na milimita ne. In ka sa sifana mai lamba 13 akan notin rabin inci zata kama amma da ɗan wasa, in notin ya ƙi sai ta cinye kansa. Ka nemi saitin inci a Ƙofar Ruwa ko Panteka, tsofaffi na hannu sun fi sababbin ƙwari.

Tsarin cirewa kuwa ba wuya: batir, a tsiyaye mai da ruwa, rufi, ƙofofi, bonet, fikafikan gaba da lagireto, gilashi, kujeru da akwatinsu, falankin ƙasa, sai kwandon baya wanda mutum huɗu zasu ɗaga. Daga nan a ɗaga injin da giya da cen bulok, wato sarƙar ɗaga nauyi, bangon injin a ƙarshe. Tanki ka fitar dashi nesa da inda za'ayi walda, tankin fetur da ya shekara goma a bushe ma yana iya fashewa.

Idan shasi ya rage tsirara a wanke shi, a zura tiyo cikin ramukan har sai ruwan ya fito fari, a kankare da garanda. Kafin walda a ɗora shi a daidai akan turaku a auna kusurwa zuwa kusurwa, hagu-gaba zuwa dama-baya da kuma akasin haka, tsawon biyu su zo ɗaya. A yanke ruɓaɓɓen a dasa sabo baki da baki, banda liƙa faci akan tsatsa, wannan gyaran gangar auzinawa ne, ruwa zai kwanta a tsakani ya ci duka biyun. Amma kar kayi fentin ƙarshe yanzu, ka sa jan fenti na share fage kawai, don in an zo gwada injin akwai yiwuwar a sake yanka da walda.

Ƙafafu da birki kafin komai

Nan nake so ka zauna ka kashe kuɗi ba tare da jin zafi ba. Sifirin na ganye ne, a warware a goge tsakaninsu a shafa giris, in sun kwanta a canza, bushin duka sababbi. Abu ɗaya da bakanikai da yawa ke kuskurewa, ba'a ɗaure kusoshin ratayar sifirin tamau sai motar ta sauka akan tayoyinta da nauyinta gaba ɗaya, in ka ɗaure tana rataye a jak robar bushin zata murɗe ta yage cikin 'yan watanni kuma motar zata tsaya a karkace.

A aksul ɗin gaba akwai ƙwallaye biyu masu sheƙi inda taya ke juyawa, in sun yi ƙuraje na tsatsa zasu cinye sil mai ya riƙa zuba, a canza su. Boris na taya, sil na hob, bol jon guda shida na sitiyari, duk ka duba. Akwai kuma wani abu da ake mantawa, sitiyarin motar nan baya tafiya kai tsaye, rodi ne ke zuwa gaba ya shiga wata 'yar tukunya dake cikin ƙarfen gaba na shasi sannan ta miƙa juyin zuwa taya, tukunyar nan mai ake zuba mata kuma zaka samu wadda rabonta da mai tun zamanin Shagari. In sitiyari yayi nauyi ko yana yawo, fara da ita.

Birki na ganga ne ƙafa huɗu, inci 10 a tsofaffin gajeru, inci 11 a doguwa. Shawarata kar ka gyara komai anan, canza duka, masta, silindar kowace taya, takalman birki, tiyo na roba, fayif na ƙarfe. Ka sa tsarin layi biyu mai sabo wato tukunyar iska mai taimakon ƙafa, ta yanda in layi ɗaya ya fashe ɗayan zai tsayar dakai. In gajera ce ka nemi gangunan gaba na doguwa masu inci 11 ka sa mata, kamfanin ma da kansa ya koma haka daga 1980. Fitar da iska daga birkin gaba na inci 11 yana da wahala saboda silinda biyu ne a kowace taya kuma iska na maƙalewa, ka mayar da abin saitin takalman baya gaba ɗaya kafin ka fara, in an gama sai ka sake saitawa. Man birki DOT 4. Akwai masu sayar da kayan mayar da gaba zuwa faifai, yana da tsada amma in zaka riƙa hawa hanyar Kano zuwa Kaduna da iyali a ciki kuɗin bai tafi a banza ba. Birkin hannu shi a bayan giya yake yana kama farfela, in sil ɗin wajen na zubar da mai bazai taɓa riƙewa ba komai saitin da kayi.

Zaɓen injin

Me yasa 200Tdi? Saboda ɗan gida ne. Daga zuriyar injin 2.25 ɗin ya fito, shi yasa ramukan jikinsa da yawa suka dace da na tsohon. Ya fito a motar Landuroba ƙirar Discovery a 1989, ya shiga ƙirar Defender a 1990, aka daina sa shi a 1994 da 300Tdi ya karɓe shi. Lita 2.5 ne, yana fesa gas kai tsaye kan fistin, da tabo, wato abin da ke cusa wa injin ƙarin iska, da abin sanyaya iskar, ƙarfin doki 111 a Discovery, 107 a Defender. Babu kwamfuta ko ɗaya, famfon injekta na Bosch ne irin na juyi wanda duk mai gyaran famfo a Kano ko Maraɗi ya sani, waya ɗaya tak yake buƙata ya tashi. Kuma shan mansa bai kai na tsohon injin fetur ɗin ba ko kusa. Nasan wasu zasu ce a sa injin Toyota kawai tunda kayansa sun cika kasuwa, kuma maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma sai an ƙera farantin haɗa shi da giya an ƙera mazauni an daidaita kuloci, kuma in milimita ɗaya ta kauce a tsakiyar shaf giyar zata riƙa cin boris har abada. 300Tdi shima injin kirki ne kuma ya fi samuwa, sai dai mazauninsa daban ne dole a yanka a walda sababbi a shasi.

A kasuwa, ko Ladipo ko Apo ko Abossey Okai ta Accra, ka kula kar a haɗa ka da tsohon tabo dizal na kafin Tdi. Lambar injin zata gaya maka, 11L na Defender ne, 12L na Discovery, in kaga 19J to ba Tdi bane, wancan ne mai ƙarfin doki 85 da yayi suna wajen tsaga fistin. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu, top silindar 200Tdi alminiyom ce bazai kama ba, ta 19J ƙarfe ce zai manne. Kace a tada maka shi a ƙasa da sanyinsa, lafiyayye bugu ɗaya yake tashi. Buɗe murfin zuba baƙin mai yana aiki, ɗan huci ba komai, amma in yana bugowa kamar salansa ringi sun tafi. Cire tiyon tabo ka girgiza shaf ɗin da yatsa, ɗan motsi gefe-gefe ana yafewa, gaba da baya kuma a'a. Top silindar ce abin tsoro, in an taɓa barinsa yayi zafi tana tsagewa kuma sabuwa tana wahalar samu. Ka roƙi a haɗa maka da duk tarkacensa, lagireto da abin sanyaya iska da tiyoyinsu, gidan filtar iska, kan filtar gas, kik, altaneta, wayar totur, guntun salansa na farko. Siyansu ɗai-ɗai daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kuma a rubuta lambar injin a rasit.

Tun yana ƙasa ka canza tayimin bel da abin ɗaure shi, kar ka tambayi mai sayarwa yaushe aka canza. Littafin kamfani yace mil 60,000, a wuri mai ƙura rabin haka, mu kuma ai ƙura gidanta ne. In ya tsinke sandunan bawul ne ke lanƙwashewa. Ka canza sil na kiranshaf na baya, wata famfo, tamostat, ka saita bawul a milimita 0.20 duka na shiga da na fita, a kai nozul a gwada.

Dasawa, da matsalar sitiyarin hagu

Na Discovery ya fi sauƙin zama. Ka cire ƙafafun tsohon injin 2.25 ka ɗaura a jikin sabon, zasu sauka akan mazaunin shasi na asali, ka sa robobi na dizal. Na Defender famfonsa yana ƙasa, yana karo da mazaunin dama sai an gyara shi. Gidan fulawil zai haɗu da bakin giyar Series amma sai an matsar da wasu kusoshi an huda an yanka zare a inda babu, sannan akwai kusoshi huɗu na ƙasa da a Discovery suke ratsowa ta bakin giya, su sai an faɗaɗa musu rami kansu ya nutse ciki. Wannan aikin mai injin dreba ne, kar a yi shi da dril a hannu a tsakar gareji. Faifan kuloci dole ya zama na Series mai inci 9.5 don haƙoransa su dace da shaf ɗin giyar. Mazaunin batir dake gefen injin zai tokare, a yanke shi a mayar da batir ƙarƙashin kujera da waya mai kauri.

To ga inda yawancin bayanan da zaka gani daga Ingila basa amfanar mu. Su sitiyarinsu a dama yake, tabo da salansa kuma a hagun injin suke, don haka basa haɗuwa. Mu Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta biyo a 1974, Nijar da Chadi dama can haka suke, don haka kusan duk Series III da zaka samu anan sitiyarinta a hagu yake, akwatin sitiyari da rodinsa suna zaune daidai inda tabon Discovery yake son zama, shi kuma a ƙasa yake rataye, a doguwar ma har shasin yake taɓawa. Ni nan aikina ya tsaya sati uku. Hanyoyin fita uku ne. Ko ka samo manifol da tabo na Defender 200Tdi wanda yake zaune a sama, ko ka sa na 300Tdi da ɗan gyara, ko kuma ka cire tabon gaba ɗaya ka bar injin yana shaƙar iska da kansa a rage masa gas a famfo, wanda turawa ke kira 200Di. Kar ka raina ta ukun nan, ƙarfin zai sauko kusa da na tsohon injin fetur, amma babu abin sanyaya iska babu cunkoso, zafi ya ragu, giya ta huta, shan mai kaɗan. Wanda gona da ƙauye ne aikinsa ni ita zan ce ya bi. Ni tabon da ke zama a sama na samu na sa. Abin da bazan taɓa yarda dashi ba shi ne a yanke shasi ko a lanƙwasa rodin sitiyari da wuta don a samar wa tabo wuri, wani mai walda ya kawo min wannan shawarar na ce masa a'a, ran mutane ne ke rataye a rodin nan.

Ka saka injin ka fitar ko sau uku ne kafin ka ɗaure na ƙarshe. Duk saka ɗaya ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka bar aƙalla faɗin yatsa biyu tsakanin abu mai zafi da duk wani abu, ka sa farantin tare zafi kusa da fayif ɗin kuloci da birki. Ka duba tazarar fulin gaba na injin da aksul, in sifirin ya kwanta suna iya haɗuwa a rami. Sai komai ya zauna sannan a fitar ayi fentin shasi na ƙarshe, a fesa mai a cikinsa.

Sauran haɗe-haɗe ƙanana ne amma kowanne na iya ɓata maka rana. Injin gas yana mayar da ragowar mai tanki, tankin fetur bashi da wannan layin sai an ƙara, kuma a wanke tankin tas. Wayar da ke zuwa kwayil a da, fara ce a tsarin Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar motar, ita zaka kai wa solanoyid ɗin famfo. Totur na rodi ya koma na waya. Tukunyar sabo ta birki ta karɓi iska daga famfon iska na jikin injin. Famfon fawa sitiyari in bazakayi amfani dashi ba cire shi, in ya juya a bushe zai kame ya tsinka bel, a Discovery kuma ta kansa altaneta ke samun juyi don haka sai an sake mata mazauni. Abin auna zafi na jikin injin dole ya dace da agogon dashbod in ba haka ba zai riƙa maka ƙarya, ni ƙarin agogo na sa daban. Fankar asali bata daidaita da lagireto, a sa ta lantarki babba mai kunna kanta, da makunnin hannu na ko-ta-kwana. Watan Afrilu a Sakkwato ba wasa bane, lagireto sabo ko wanda aka sake wa ciki, kuma ruwan kulan na gaske banda ruwan rijiya. Tsohuwar filtar iska mai wanka da mai tayi wa Tdi kaɗan, sa ta takarda, lokacin hunturu ka riƙa duba ta duk sati.

Wayoyin motar gaba ɗaya in sun bushe suna karyewa a sake su, a ƙara fis da rile, tsarin asali fis huɗu ne kacal. Rewaya ya bi launin asali: ruwan ƙasa wuta kullum, fari bayan makulli, kore bayan fis, baƙi ƙasa.

Giya da gudu

Ƙarfin murɗawar Tdi ya fi na tsohon injin da fiye da rabi, giyar kuwa tsarinta tun kafin a haifi yawancinmu ne. Zata ɗauka in tana da lafiya kuma ƙafarka tana da hankali. A buɗe ta a canza boris da sil da duk haƙorin da ya ci, a zuba EP90 mai lambar GL4. Banda fizga a giya ta ɗaya da ta biyu, banda danna totur ƙasa a giya ta huɗu injin na ƙasa-ƙasa. Shaf ɗin tayar baya na gajera mai haƙori 10 yana karyewa, ka ajiye spaya a mota, doguwar kuma aksul ɗin Salisbury gareta mai ƙwari sosai.

Zaka lura injin yana ihu tun kafin mota tayi wani gudu, saboda difiranshal ɗinta 4.7 ne. Ko ka samo obadirai, wato ƙarin giyar gudu, na kamfanin Fairey da ake ɗaurawa a bayan giyar taimako, ko ka sa difiranshal 3.54 na tsohuwar Range Rover, gaba da baya dole su zama iri ɗaya, ka tabbatar haƙoran shaf sun dace, kuma a aksul ɗin Salisbury ba'a musanya shi haka kai tsaye. 3.54 yana rage mata ƙarfin hawa da jan kaya kuma mitar gudu zata riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Taya 7.50 x 16 ma tana taimakawa. Jan sanda na ƙaramar giya ne, rawaya kuma in ka danna shi ke sa fowil, kar ka yi tafiya da fowil akan kwalta don babu difiranshal a tsakiya, farfela da giya zasu ɗaure kansu.

Bodi kuwa ka gaya wa fanal bita alminiyom ne, in ana bugunsa yana taurara ya tsage, sai a shafa sabulu a gasa a hankali har sabulun yayi baƙi a barshi ya huce sannan a ci gaba. Fenti baya kama shi sai da share fage na musamman mai cin jiki. Duk inda alminiyom zai haɗu da ƙarfe a sa roba ko man liƙi a tsakani, in ba haka ba farin gari zai fito ya huda shi. In ka samu rufin safari mai hawa biyu kar ka sake shi, inuwa ce ta gaske. Tdi yana da ƙara da jijjiga fiye da injin fetur, ka shimfiɗa roba mai kauri a ƙasa da jikin bango da cikin bonet.

Ranar tadawa a zuba baƙin mai 15W-40, a cire wayar solanoyid a juya injin da kik har fitilar mai ta mutu don tabo ya samu mai, sannan a mayar da wayar, a fitar da iskar gas da ɗan famfon hannu, a tada. Ka ajiye katako mai faɗi kusa da bakin shan iska, in injin ya kwace da gudu yana shan mansa makulli bazai kashe shi ba sai an toshe iskar, kuma banda tafin hannu. A barshi yayi zafi a tsaye ana duba yoyo har fanka ta kunna kanta. Fitar farko cikin unguwa, birki kake gwadawa ba gudu ba. Bayan kilomita 100 ka sake bin notin taya da na sifirin da na farfela da na mazaunin injin, bayan 1,000 ka juye baƙin mai ka sake duba saitin birki. Sannan ka ɗauki rasit ɗin injin da takardun mota ka je ofishin lasisi da na VIO a canza lambar injin da nau'in mai daga fetur zuwa gas, ka sanar da kamfanin inshora, kafin ka hau babbar hanya da ita.